Ranar da Na Zaunar da Baba a Layin Gaba

Ni dai tun ina yarinya an san ni da iyayi da son a ce ni ce na gyara. Har mahaifiyata ta rasu tana cewa idan na shiga ɗakin mutum sai na sauya wa tabarmarsa wuri. Da wannan halin na tafi London a shekarun da kuɗin mai ya ɓarke a ƙasarmu, lokacin da gwamnatin jiharmu ta ɗebo mu ta turo mu koyon aikin ungozoma. Kuma da shi na yi wa wani bawan Allah ɓarnar da har yau, ga jikoki a gabana, ban gama kukanta ba.

Wata nas 'yar Jos da muke aiki tare ce ta ce mini akwai wani tsoho a Stratford mai jin Hausa, yana da ɗaki a sama babu kowa. Na je na same shi a bakin ƙofa yana gyara wa maƙwabciyarsa keken ɗinki. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗago ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗiyata, sake gaishe ni. Na kwana biyu ban ji ba." Mutumin Damagaram ne. Matarsa Baturiya ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ya yi ritaya daga garejin da ake gyaran motocin bas. Tun daga ranar nake ce masa Baba.

Abin da na fara lura da shi hannuwansa ne. Baƙin mai ya shige cikin tsagar fatarsa ya zauna, alwalar shekara da shekaru ba ta fitar da shi ba. Ina tsokanarsa ina cewa ko sabulun asibitinmu zan kawo masa. Sai ya yi dariya ya ce man jirgin sama ne a ƙasa, na bas ne a sama, duk wanda zai wanke sai ya fara da na bas.

Ranar Lahadi idan ba ni da aiki nakan tuƙa mana tuwon garin shinkafa, in kaɗa kukar da matafiya suke kawo mini, shi kuma ya zauna a kujerar kicin yana ba ni labari. Yana saurayi ya koyi gyaran manyan motoci a hannun Faransawa. Da Yaƙin Duniya na biyu ya taso aka kwashe su zuwa wani filin jirgi a ƙasar Chadi, aka ce wanda ya iya injin mota zai iya na jirgi. Daga nan suka bi Sahara da sojojin saman Faransa, daga baya aka zuba su a jirgin ruwa sai Ingila. Duk tsawon yaƙin jirgi ɗaya yake kula da shi, kuma matuƙi ɗaya, wani dogon saurayi Bafaranshe. Baba bai taɓa kiran sunansa a gabana ba, Kyaftin kawai yake cewa.

Akwai wata ƙa'ida tasu da ya sha faɗa mini. Kowane makanike yana da wurin tsayuwarsa a gefen fili. Idan jirginka ya tashi ba ka zama, ko ruwa ake yi ko ƙanƙara, kana nan tsaye sai ya dawo. Idan ya dawo, matuƙin ne zai kawo jirgin inda kake, ya sauko, ya tako ya same ka ya ba ka hannu. Kai ba ka zuwa wurinsa. Baba ya ce ya ga mutanen da suka yi ta tsayuwa har aka zo aka janye su, saboda nasu jirgin ba mai dawowa ba ne.

"Naka fa, Baba?"

"Nawa kullum yana dawowa. Wata rana da huji a fiffike, wata rana injin yana tari, amma yana dawowa."

Dab da ƙarshen yaƙi aka harbi Kyaftin a kafaɗa. Ya kawo jirgin har gaban Baba, amma a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi, aka wuce da shi asibiti, daga can aka mayar da shi ƙasarsu. Ba su yi sallama ba. Shekara talatin ke nan, kuma duk lokacin da Baba ya kawo nan a labarinsa sai ya ce miyar ta yi gishiri ko ba ta yi ba, don dai a sauya magana.

A shekarata ta biyu a gidan wata wasiƙa ta zo. Baba yana jin Faransanci da Turanci kamar me, amma karatun boko bai zauna masa ba, don haka ni ce mai karanta masa takardu. An rubuta ta da harsunan biyu, na karanta ɓangaren Turancin. Ƙungiyar tsofaffin sojojin saman Faransa ce za ta yi taro a wani zaure kusa da Charing Cross, don girmama matuƙan jirage da makanikansu, na raye da waɗanda suka riga mu. Wannan ne karo na farko da aka gayyaci makanikai. An ce su zo da kayan aikinsu idan suna da su, za su jeru a gefe, matuƙa su bi layi kowa ya nemi nasa kamar yadda ake yi a fili. A ƙasa an jera sunayen masu zuwa daga Faransa. Ina cikin karantowa ina karya harshe sai Baba ya ɗaga hannu.

"Koma baya. Sake faɗin wancan."

Na sake.

"Yana raye," ya ce. Ya tashi ya buɗe famfo ya rufe, ya dawo ya zauna. "Ɗiyata, yana raye."

Washegari ya sauko da wani tsohon akwati daga saman kabad, ya fito da rigar aikinsa, irin mai haɗe da wando. Da can shuɗiya ce, yanzu ta koɗe ta koma kalar toka. Gwiwoyin duk faci ne, asu ya ci kafaɗa ɗaya, ga warin kafur. Ya gwada ta, ta yi masa yawa domin ya rame. Ya tsaya a tsakiyar falo yana murmushi yana jiran in yaba.

Ni kuwa raina ne ya ɓaci, kuma gara in faɗi dalilin. A asibiti akwai matan da idan na zo duba su sai su ce a kira musu wata Baturiya. Na haɗiye wannan ya fi a ƙirga. Ga shi kuma a lokacin kanmu a sama yake, mutanenmu suna sauka daga jirgi suna cika kantunan London, masu kanti suna buɗe musu ƙofa suna rusunawa. Sai na ce a raina, wato a taron Turawa, gaban manyan mutane, Baba zai je ya tsaya cikin tsumma kamar wanda aka kira gyaran bututu? Ba dai ina gidan ba.

A satin nan kawuna, wanda babba ne a wata ma'aikata, ya zo sayayya. Na je masaukinsa na roƙe shi babbar riga, ya ba ni wata farar shadda mai aiki har ciki, da 'yar ciki da wando da hula. Na kawo na shimfiɗa wa Baba a kan gado.

"Takarda ta ce kayan aiki," ya ce.

"Ta ce idan ana da su. Baba, shekara nawa suna ganinka cikin baƙin mai? Yau ɗaya dai su gan ka a mutuncinka."

"Ai a cikin wancan ya san ni."

"Haba Baba, mutum ne zai manta fuskarka saboda riga?"

Kwana uku ina yi masa naci. Na yi lallashi, na yi fushi, har na ce idan ya fita da wannan tsumman ni ba zan raka shi ba, ya san kuma ba ya iya hawa da saukar matakalar tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, shi kaɗai. A rana ta uku ya ce, "To, ɗiyata." Ranar taron ya naɗe tsohuwar rigar ya sa a ledar kanti zai riƙe a hannu, wai ko da za a buƙata. A bakin ƙofa na karɓe ledar na ajiye a kan tebur, na ce tana ɓata masa kwalliya.

Wallahi ya yi kyau. A cikin tube mutane sai satar kallonsa suke, wani Bature har ya tashi ya ba shi kujera. Ni kuwa sai wani fankama nake a gefensa da sabon mayafina. Shi kuma yana ta murza tafin hannunsa a kan gwiwa.

A ƙofar zauren akwai wani Bafaranshe riƙe da takardar sunaye. Yana ganin babbar riga bai ko duba takardar ba, ya rusuna ya kira Baba da irin laƙabin da ake yi wa jakadu. A lokacin duk baƙar fatar da ya shigo wuri cikin irin wannan shadda, an ɗauka daga ofishin jakadanci yake. Baba ya buɗe baki ya fara yi masa bayani da Faransanci a hankali, ni kuwa na tari numfashinsa na ce wa mutumin mun gode, na ja hannun Baba. Aka kai mu layin gaba, aka zaunar da mu a tsakiyar wakilan ƙasashen Afirka, kowa cikin babbar rigarsa. Baba ya saje da su tsaf. Daɗi ya kama ni har ina jin kamar in aika gida a gaya musu.

Aka fara da karanta sunayen waɗanda suka mutu. Sunayen suna da yawa, kuma na ga leɓen Baba yana motsi bayan wasu daga ciki. Wata tsohuwa a bayanmu tana kuka a hankali. Aka ajiye furanni a gaban tuta. Sannan mai gabatarwa ya ce makanikai su fito.

Tsofaffi suka fara tasowa daga bayan zaure, wani da sanda, wani yana jan ƙafa, kusan duka cikin irin rigar da na bari a kan tebur. Wasu nasu ma sun fi na Baba lalacewa. Suka jeru a jikin bango, kowa ya miƙe iya miƙewarsa, mutane suka yi ta tafi. Baba ya dafa gwiwoyinsa zai tashi, sai na riƙe hannun rigarsa.

"Baba, zauna. Idon kowa yana kanmu. Bari a gama, ni da kaina zan kai ka wurinsa."

"Ɗiyata, ba a zuwa wurinsa."

"Yau dai a je. Ka zauna."

Kafin ya fita daga layin sai ya tsallake gwiwoyin manyan mutane a gaban tuta, ga kuma mace ta riƙe masa riga. Dattijon Bahaushe ba zai yi jayayya da 'yarsa a bainar jama'a ba, kuma na san haka, da shi na yi amfani. Ya dube ni sau ɗaya, ya koma ya zauna.

Sai matuƙa suka shigo ta ɗaya ƙofar. Kowa ya bi layi, ana rungume-rungume, tsofaffin maza suna kuka ba kunya. Can na ji numfashin Baba ya sauya.

"Ga shi nan," ya ce.

Dogo ne har yanzu, amma ya rame sosai, kafaɗarsa ɗaya ta karkace. Yana sanye da tabarau mai kauri, wata mata da ta yi kama da shi tana riƙe da gwiwar hannunsa. Daga yadda yake tafiya na gane, a matsayina na nas, cewa idanun sun kusa tafiya kuma jikin ma ba lafiya. Ya fara daga farkon layi. Duk mutumin da ya zo gabansa sai ya kai fuskarsa kusa da tasa, ya duba, ya gyaɗa kai, ya wuce. Bai waiwayi layin gaba ba ko sau ɗaya, kuma me zai nema a wurin jakadu? Ya kai ƙarshen layi. Ya tambayi na ƙarshen wani abu, mutumin ya ɗaga kafaɗa ya girgiza kai. Kyaftin ya matsa gaba kaɗan inda babu kowa, ya tsaya, hannunsa na dama a ɗan ɗage.

A nan na gane abin da na yi. Na saki rigar na ce, "Baba, tashi, je ka." Ya yunƙura. Daidai lokacin aka busa taken Faransa, zauren gaba ɗaya ya miƙe ya ƙame. Baba soja ne, ba zai motsa ƙafa ana taken ba. Ya tsaya ƙyam, hawaye yana bin gemunsa yana sauka a kan aikin rigar kawuna. Ina kallo matar nan ta raɗa wa mahaifinta magana, ya ɗan yi tangaɗi, wani ya kawo musu ɗauki, suka fita da shi ta ƙofar gefe tun kafin a gama.

Ana gamawa na tsallake ƙafafun mutane ban ce wa kowa gafara ba. A waje aka ce mini jikin Kyaftin ne ya tashi, an sa su a tasi sun tafi tasha, za su kama jirgin ƙasan da ke kai mutane bakin teku. Na bar Baba a kan wani benci na ruga tashar da ke kusa. Na bi dandamali ɗaya bayan ɗaya ina leƙa tagogi, mayafina yana jan ƙasa, ban ma san ko tashar ce daidai ba. Ban gan su ba.

Na dawo na ɗauki Baba muka koma Stratford. Da muka shiga gida ya cire rigar, ya naɗe ta yadda ake naɗe babbar riga, ya ɗora hular a kai, ya miƙo mini ya ce in yi wa kawuna godiya. Ledar tana nan a kan tebur inda na ajiye ta, ya ɗauka ya hau da ita sama. Na so ya zage ni. Na so ya ce in kwashe kayana in bar masa gida. Da safe sai ga shi ya dafa mini shayi kamar kullum, yana tambaya ko ƙarfe nawa zan tashi daga aiki.

Na rubuta wa ƙungiyar wasiƙa ina neman adireshin Kyaftin. Kunya ta hana ni faɗin abin da ya faru. Na ce dai ni 'yar gidan makanike wane ce, ina so in sadu da iyalin matuƙinsa. Na gaya wa Baba na rubuta, ya ce Allah ya sa a dace. Tun daga nan duk safiya idan ya ji an turo wasiƙu ta ƙofa, shi ne yake fara sauka, ya kwaso ya ajiye mini a gefen faranti. Sanyi ya shigo, ya yi tsanani, ya fara ja da baya, amsa ba ta zo ba.

Ranar da ta zo na dawo daga aikin safe, na tarar da shi zaune a kicin da ambulan a gabansa, mai kan sarki na ƙasar Faransa. Rubutun hannu ne, shafi biyu, duk da Faransanci. Ni ba na jin ko kalma ɗaya, shi kuma ba ya iya karantawa. Sai ya ce in karanta yadda na ga baƙaƙen, shi zai gane. Haka na zauna ina furta abin da ban san ma'anarsa ba, ina tuntuɓe, yana gyara mini wata kalmar, ina ɗagowa ina duban fuskarsa ko zan san me nake faɗa. A tsakiyar shafi na biyu ya daina gyara mini. Na kai ƙarshe, na ajiye takardar.

"Baba, me ta ce?"

Ya dubi hannuwansa.

"Ɗiyarsa ce. Ya rasu, tun farkon sanyi." Ya yi salati a hankali. "Ta ɗauka ke ɗiyata ce ta cikina, tana yi miki ta'aziyyata. Ta ce likita ya hana shi tafiyar, ya ce sai ya zo saboda ni. Da suka koma gida ya ce musu na mutu. Suka ce wataƙila dai ban sami wasiƙar ba, ko ba ni da lafiya. Ya ce a'a, ya san ni, in da ina numfashi da ya same ni tsaye. Ya sa an yi mini addu'a a cocin ƙauyensu, ya sa an rubuta sunana tare da na abokansa da suka mutu."

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini, ya ce ba komai, Allah bai nufa ba. Wannan ba komai ɗin ya fi mini mari zafi. Na tashi na ɗauko takarda da biro daga jakata.

"Yanzu zan rubuta mata gaskiya. Zan ce kana raye, ka je, kana cikin zauren, ka gan shi. Zan ce ni ce na hana ka tashi. Ni ce, Baba, su san ni ce."

Ya ɗora hannunsa a kan takardar.

"Bar su a haka, ɗiyata."

"Baba, suna can suna cewa ka mutu."

"Na ji. Ya tafi yana cewa mutuwa ce kaɗai ta hana ni tsayawa. Kina so yanzu ki gaya wa ɗiyarsa ina nan a kujera, ina kallonsa yana lalube?"

Ya zare biron daga hannuna a hankali, ya rufe shi, ya miƙo mini. Sannan ya dafa tebur ya tashi ya ce La'asar ta yi, in matsa masa daga bakin famfo zai yi alwala.